Batta, lofe da ƙyastu: jawabin da anka yi a taron ƴan gari

  

Maganarmu ta yau kan ƙananan kaya ce, waɗanda tsofaffinmu sunka bari: battar taba, lofe, ƙyastu, da ɗan farantin nan na kaɗe tokar sigari. Wani zai ce mi ya kawo zancen taba cikin taron mutunci? Ku yi haƙuri ku saurara.

In an zo rabon gado, ana lissafin gona, da bisashe, da rumbu, da tufafi. Ba a lissafin batta. Sai ta kwana cikin ƙwarya, yara su ɗauka su yi wasa, ko a yar da ita ranar da ake gyaran ɗaki. Wadda ta tsira kuwa, dillalan kayan da na nan suna yawo ƙauye ƙauye, su saye ta kuɗɗin tiya biyu ta hatsi, su kai birni su saida ma baƙi. Can za a girka ta bisa tebur, ba mai sanin sunan wanda ya riƙe ta shekara arba'in.

Ku duba aikin da ke cikinta. Battar fata irin ta Agadas, ɗanyar fata ake kankarewa, a jiƙa ta, a lulluɓa bisa ƴar siffar yumɓu. In ta bushe a fasa yumɓun a zubar, fata ta tsaya da kanta. Sannan a yi mata zane da kakin zuma, a tsoma cikin jan rini; inda kakin ya rufe rini ba ya kamawa, sai zanen ya fito fari. Ƙyastu kuma aikin maƙeri ne: ƙarfe, da ƙanƙarar dutse, da ƴar abduga cikin jaka. Da shi kakanninmu ke tada wuta a daji tun ba a san alimeti ba. Yau cikin samarinmu wa zai iya? Ko mu da ke magana, sai mu kwana muna ƙyastawa.

Taba kanta ba ta ƙasarmu ba ce tun asali. Daga Amurka ta fito, ta ratso teku, ta iso ƙasashen baƙar fata, har ta zauna cikin fadamunmu na gulbin Maraɗi da na Magiya. Masu lofe su sha hayaƙi, masu gari su haɗa da kanwa su sa a baki, mata su goga furenta ga haƙora tare da goro don su yi ja. Malamai sun daɗe suna jayayya kanta. Tun a 1607 Ahmadu Baba na Tumbutu ya yi rubutu kan hukuncinta.

Akwai kuma kayan tsofaffin soji, waɗanda Faransa ta kwasa zuwa yaƙin 1939 zuwa 1945, da na Indoshin da ya ƙare a 1954, da na Aljeriya da ya ƙare a 1962. A bariki ana raba ma soja sigari kamar yadda ake raba abinci, can da yawa sunka koya. Sun komo da ƴan gwangwanaye na zuba taba, kuma galibi cikinsu suke ɓoye lambar girma da takardun soja. Kafin ku yar da tsohon gwangwani mai tsatsa, ku buɗe. Farantin toka kuwa, na ƙarau ko na ƙarfe, tsarabar ƴan bida ce daga Kumasi, Ankara da Abijan. A ƙauye wa ke neman wurin kaɗe toka, ga ƙasa shimfiɗe? Sai iyayenmu mata sunka sa shi cikin jere, ko sunka maida shi ma'ajin allura da zobe. Amma shi ke shaida cewa mai gidan nan ya taka har bakin teku ya komo.

To, ga inda maganar ke da nauyi. Wasu daga cikinmu na jin kunyar kayan nan, suna cewa aje lofen baba cikin ɗaki kamar ba yaro izini ne. Ba mu raina wannan tsoro ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce taba na kashe mutane fiye da miliyan 7 kowace shekara, kuma tun 2006 Nijar ta yi dokar da ta hana shan ta a wuraren taruwar jama'a. Mu ma mun ji tarin da wasu tsofaffinmu sunka yi ta yi da dare har Allah ya ɗauke su. Amma a ganinmu yaron da anka nuna ma lofen kakansa, anka gaya masa noman da ya yi da tafiyar da ya yi, anka kuma gaya masa yadda ƙirjinsa ya ƙare, ya fi samun abin tunani bisa ga wanda anka ɓoye ma kome. Ai ba lofen kaka ke koya ma ɗiyanmu sigari ba. A tasha da bakin kasuwa suke koyo, inda ake saida shi kara ɗaya ɗaya.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Duk mai irin kayan nan a gida, shi tambayi tsohuwa ko tsohon da ya rage: na wane ne, ina ya samo shi, zamanin wane sarki? A rubuta bisa ƴar takarda, da boko ko da ajami, a naɗe a sa cikin battar, wurin da taba ke zama da. A rabon gado kuma a ambace ta, a damƙa ma mutum guda da sunansa, mace ko namiji, kowa na ji. Wanda ya ga ba ya iya riƙo, ko talauci ya matsa masa, kada shi yi gaugawar kiran dillali. Shi fara gaya ma danginsa. Akwai ma gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda anka buɗe a 1959, mai sunan Bubu Hama yanzu, ana iya neman shawararsu.

A taro mai zuwa, bayan babbar salla, magatakarda zai zo da littafi. Kowa shi kawo nasa a gani, a rubuta, shi koma da abinsa gida. Dattijon da ya iya ƙyastu, muna roƙo shi zo da shirin nuna ma yara.