Sharar Gona, Sharar Zuciya



Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Dambatta da Bichi da rani zai ga jakuna da mangalolin taki, ana jibgewa tsibi-tsibi. Ƙasar nan ba ta samun hutu, shi ya sa manomi ya san kowace kunya ta gonarsa, har inda ƙuduji ke cinye masa dawa.

Daidai wannan lokaci mu 'yan Katolika muke shiga azumin kwana 40. Ranar Larabar Toka, da Fada ya shafa mini toka a goshi, sai na tambayi kaina: shin na san zuciyata yadda babana ya san gonarsa?

Waliyyi Agustin, bishop na Hippo a Aljeriyar yau, wanda ya rasu a shekarar 430, ya rubuta laifuffukansa bai ɓoye ba, har da satar 'ya'yan itace da ya yi yana saurayi. Irin wannan gaskiya ce take buɗe ƙofar tuba.

'Yan'uwa, kafin ruwan shuka ya sauka, mu binciki kanmu kowane dare, mu je mu furta zunubanmu. Allah ya ba mu zuciya mai karɓar iri.