Jawabi bisa idon bakwaini

Jaririn da aka haifa bakwaini, jijiyoyin jinin idonsa ba su gama tsiro ba. Wani lokaci sai su tsiro a karkace, su ɓamɓare shimfiɗar gani da ke can cikin ido, yaro ya makance. Uwa ba ta iya ganewa: idon ba ya ja, babu kwantsa. Kwalli ba ya maganinsa.

A kai shi wurin lokotoron ido kafin kwana 30, kada a jira arba'in. Sau da yawa ciwon yana warkewa da kansa. In ya yi ƙarfi, cikin kwana 3 ake ƙona gefen shimfiɗar da wani haske mai kaifi, sunansa lazer, jijiyoyin su tsaya. In ta riga ta ɓamɓare, lazer ba ya maido da gani.