Masara ta sauka, albasa ta hau: rubutaccen shirinmu na wannan mako

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Sisawa da Wurno da Rabah da Goronyo, domin maganar yau tasu ce.

Duk wanda ya bi fadamar Rima a rani ya san abin da nike nufi. Filayen da a da ake ganin masara ta yi kore shar, yanzu albasa ce, tafarnuwa ce, tattasai ne, wani wurin kankana. Wasu na cewa manoma sun yi kwaɗayin kuɗi. Ni dai ban ga kwaɗayi ba, lissafi na gani, kuma bari mu yi shi tare.

Da farko, masara ba ta taɓa zama uwar abinci a ƙasar Sakkwato ba. Gero da dawa su ne namu, sai shinkafa a fadama. Ruwan damina a nan kaɗan ne, kuma gajere. Masara ta samu wurin zama ne inda akwai laima, musamman bayan an gama gina dam ɗin Goronyo a 1984, wanda aka tsara ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, sannan ga aikin ban-ruwa na Wurno da ke shan ruwa daga dam ɗin Lugu. Ke nan mai masara a wanga yanki, galibi ruwan da ya biya yake ba ta, ko na kwata ko na inji.

To ga inda gizo ke saƙar. Kuɗin buhun masara ba a Goronyo ake yanka shi ba. Ana yanka shi a Dawanau, da Saminaka, da Giwa, da Dandume, inda kamfanonin abincin kaji ke tura dillalansu. Manomin Saminaka ruwan sama ke shayar mishi da gona kyauta. Kai kuwa fetur kake sawa a inji. Daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce haka nesa. Ga taki: masara ba ta da kunya wajen cin taki, in ba ka ba ta NPK da yuriya ba, sai ta yi rawaya ta tsaya tana kallonka. Ga tsutsar nan mai cin ƙwaryar masara da ta shigo Nijeriya a 2016, wadda ta sa feshi ya zama dole.

A 2024 masara ta yi tsada ƙwarai, mutane suka ce to bana an dace. Sai a watan Yulin shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150. Mai saye ya ji sanyi, wannan gaskiya ne, kuma ba zan raina shi ba don yunwa ta yi yawa lokacin. Amma a 2025 farashin hatsi ya zube, taki bai bi shi ba. Har ta kai a wasu kasuwanni buhun masara mai kilo 100 ba ya sayen buhun taki mai kilo 50. Malam, wa zai sake zuba kuɗinsa nan?

Albasa kuwa tana son sanyin hunturu da busasshiyar iska, abin da Allah ya hore muna. A nan babu manomin Kaduna da zai fi ka da ruwan sama. Kuma kasuwarta tana da faɗi: Legas, Anacha, Fatakwal, har ƙetare ta Illela. Tafarnuwa ta ma fi ta haƙuri, tana da sauƙin ɗauka, tana daɗewa ba ta lalace ba, kuma Wurno da Goronyo sun daɗe da yin suna a kanta.

Amma a saurara da kyau, don a nan ne ake karya mutane. Albasa tana da farashi biyu. Akwai na lokacin cira, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da kowa ya kawo tashi kasuwa. Akwai na ƙarshen shekara, sa'ad da ta yi ƙaranci. Ribar da kake jin labari, ta ƙarshen shekara ce. Wa ke kaiwa can? Wanda ke da halin zuba ta a rudu ya jira, ya jure ganin wani kaso ya ruɓe, wani ya tsiro, wani ya sha iska ya rage nauyi. Wanda ya ci bashin iri da taki da mai wurin dillali ba shi da wannan halin. Ranar cira mai bashi na bakin gona da buhunansa. Shi ya yi wahala, wani ya ci tsadar.

Sannan masara ko ta faɗi, kana iya sa ta rumbu, iyali su ci tuwo, dabbobi su ci kara da dusa. Albasa ba a tuƙa ta. In hanya ta toshe, kamar yadda aka rufe iyakar Nijar a watan Agustan 2023 har zuwa Maris 2024, ko rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a 2021 da ya tsayar da motocin kaya, to dukiyarka na nan tana wari a gabanka. Mu ƙara da rashin tsaro. Mutanen Goronyo ba su manta harin da aka kai kasuwarsu a Oktoban 2021 ba, haka mutanen Gandi da Tabanni a Rabah sun ga abin da suka gani. Albasa kullum tana son mai ita kusa, ban-ruwa, cirar haki, feshi. Gonar da ba ka iya zuwa sai ka duba hanya, ba ta albasa ba ce.

Wani abu kuma da ba a cika faɗi ba, a tambayi malamai su ƙara bayani: a mazhabarmu ta Malikiyya hatsi ake fidda wa zakkar amfanin gona, kayan lambu irin albasa babu. Duk fadamar da ta bar hatsi, akwai mabuƙatan da rabonsu na ranar girbi ya ragu, sai dai in mai gona ya tuna da su da kansa.

Shawarata ga ƙaramin manomi: kar ka taɓa geronka na damina, shi ne rumbun gida. A rani raba filin. In bana ne farkonka a albasa, fara da ƴan fangali, ka sayi iri wurin wanda ka ga gonarsa da idonka, don mugun iri sai bayan wata uku yake nuna halinsa. Kafin ka yi dashe, ka san inda za ka aje ta da kuma wanda kake bi ko yake binka. Masarar ma ba a yi sallama da ita ba. Ɗanya ta gashi, in ta fito a rani lokacin da babu ta damina, a kan kai ake sayar da ita a cikin Sakkwato, ba a buhu ba, kuma dillalin Dawanau bai da ta cewa a kanta.

Masu rudu, ku rubuto muna a ƙasa buhu nawa kuka zuba bara, nawa kuka kwashe. Da shi za mu buɗe shiri na gaba in Allah ya kai mu.