Ina Allurar Kashe Zafi Take Zuwa Bayan An Gama Aiki?

Uwar ƙungiya, iyayenmu mata, yayye da ƙanne da kuka taso daga Talata Mafara da Bakura da Maradun, da maigidanninmu da suka rako mu, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana.

Mu 'yan kasuwa gwiwa ce jarinmu. Da ita muke tsugunno gaban tire tun safe, da ita muke ɗaukar buhu ranar Talata, da ita muke shiga fadamun Bakolori sarin kaya. Shi ya sa da shekaru suka ja, sai guringuntsin ya cinye, ƙashi ya riƙa gogar ƙashi. Yanzu akwai aikin da ake cire wurin da ya lalace a sa na ƙarfe da roba, kuma ana yin sa a ƙasar nan, misali a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. To amma da yawa cikin iyayenmu, in likita ya ambaci tiyata, ba wuƙar suke tsoro ba, allurar ce. Sai ka ji an ce ai allurar kwanciya take yi a jiki, ita ce ke hana mutum moruwa har abada. Mu da muka shiga ajin yaƙi da jahilci mun koyi cewa matambayi ba ya ɓata, don haka muka tambayi ma'aikatan lafiya, ga abin da muka samo.

Allurar barci daban, allurar kashe wuri daban. Ta kashe wuri idonki biyu, wurin ne kawai ba ya ji. Ita ce ake yi wajen cire haƙori ko ɗinke yanka. A aikin gwiwa, galibi ana yin ta a gadon baya, irin wadda ake yi wa mai haihuwa ta tiyata, sai daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu. Sannan a ƙara wata a kewayen gwiwar ko kusa da jijiyar cinya don a samu sauƙi bayan an fito. Sunayen da za ku fi gani a takarda su ne lidoken da bufibaken. Ba sababbi ba ne: lidoken tun 1943 aka haɗa shi a ƙasar Suwidin. Aikinsu ɗaya, su tare hanyar da jijiya ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa.

To ina maganin yake zuwa? Ku dubi ruwan dam ɗin Bakolori. Ba ya tsayawa wuri ɗaya, magudanai ke jan sa kaɗan-kaɗan. Haka jini ke kwasar maganin daga inda aka zuba shi, ya kai shi hanta. Hanta ita ce injin niƙan jiki, ita ke farfasa shi. Daga nan ƙoda ta tace, ya fita ta fitsari. Lidoken da ya shiga jini, cikin kamar awa 2 rabinsa ya tafi. Bufibaken ya fi daɗewa, kusan awa 3. Allurar baya kan sake ki bayan awa 2 zuwa 4, ta gefen jijiya kuwa tana iya kai ki washegari. Wani lokaci likita kan haɗa shi da adirenalin don hanyoyin jini su tsuke, maganin ya daɗe a wurin, ya shiga jini a hankali. Kun ga ke nan ba kwanciya yake yi ba. Baƙo ne, da ya gama abin da ya kawo shi sai ya kama hanya.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. In injin niƙan ya yi rauni, kaya taruwa suke yi. Mai ciwon hanta, da mai ciwon ƙoda, da mai ciwon zuciya, da tsohuwar da jiki ya yi sanyi, duk jikinsu ba ya fitar da maganin da sauri. Shi ya sa ake ɗora mutum a sikeli kuma a ɗebi jininsa kafin aiki, don da nauyinki da lafiyar hantarki ake auna abin da za a ba ki. Saboda haka kada mu ɓoye wa likita komai. In an taɓa ce miki kina da ciwon hanta ko kin yi shawara, faɗa. In kina shan jiƙo ko tsimi, faɗa, ba abin kunya ba ne. Ƙwayoyin ciwon jiki da muke saya a kemis ko wajen masu talla muna sha kullum, a zuba su a leda a kai masa ya gani, domin yawan shan irinsu diklofenak na taɓa ƙoda, farasitamol in ya wuce kima na taɓa hanta. Mai shan maganin tsinka jini kuwa dole ta faɗa kafin a taɓa bayanta.

Sai ke mai jinya, domin yawanci mu ne ke zaman gefen gado. Ba kasafai maganin ke yin yawa a jini ba, amma in ya yi, yana da alamu: leɓe da harshe su yi nauyi, baki ya yi ɗanɗanon ƙarfe, kunne ya riƙa ƙara, jiri, magana ta sarƙe, ko jiki ya fara fizga. Kada ki tsaya cewa iska ce ko gajiya. Ki ruga ki kira nas nan take, akwai abin da suke yi a kai.

Abu 3 kuma mu riƙe. Ƙafar da ba ta farfaɗo ba, kada a gasa ta da ruwan zafi, za ta ƙone mai ita ba ta sani ba. Kada ta sauko daga gado ita kaɗai, ƙafar na iya lanƙwashewa ta faɗi. Kuma in allura ta fara saki zafi zai taso, wannan ba lalacewar aiki ba ne. A sha abin da likita ya rubuta a kan lokaci, kada a aika yaro kemis ya sayo ƙari.

'Yan'uwa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Duk wadda za a yi wa aiki a cikinmu, ko a Gusau ko Sakkwato ko Kano, a samu mai iya karatu ta raka ta, ta tambayi sunan allurar, ta rubuta shi da lokacin da aka yi ta. Ko ba komai, ranar da aka sake buƙata, takardar za ta yi magana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da kowa gida lafiya.