Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu A Ganou, Parakou: Mu Duba Bakin Yaranmu



Makiyayi yakan buɗe bakin saniya ya san shekarunta. To, yaushe rabonmu da duba bakin yaranmu?

Akwai cutar da likitoci ke kira noma, ba noman gona ba. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ko ƙyanda ta raunana. Takan fara da kumburin dasashi, jini da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci. In ba magani, takan kashe har 9 cikin 10. In an tare ta da wuri, maganin asibiti yana tsayar da ita.

A Sakkwato an buɗe asibitinta tun 1999, amma asibiti ba ya zagaya ruga. Wannan aikinmu ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ardo ya sa a riƙa duba yara. Liman ya yi gargaɗi a masallaci. Dillalai su kafa asusun kuɗin mota ranar kasuwa. Iyaye mata, a kula da asuwaki da rigakafin ƙyanda, yaro ya sha nono kafin a kai talla.

Allah Ya tsare mana zuriya.