Sunaye Dubu na Vishnu

Masu kallon finafinan Indiya, ko a Kano ko a garuruwan Hausawan Sudan irin su Abu Hujar da Mai Wurno, sun san ɗan wasa Govinda da rawarsa. Kaɗan ne suka san cewa sunan abin bauta ya ci. A addinin Hindu, Govinda laƙabi ne na Krishna, kuma ma'anarsa mai kula da shanu.

Sunan yana cikin jerin da ake kira Vishnu Sahasranama, wato sunaye 1,000 na Vishnu, abin bautar da mabiya ke cewa ya bayyana a siffar Krishna. Jerin ya zo a littafin Mahabharata. A can, dattijo Bhishma, yana kwance jina-jina da kibau bayan yaƙi, shi ya zayyana su ga Sarki Yudhishthira da ya tambaye shi hanyar tsira. Kowane suna da siffarsa. Hari shi ne mai gusar da zunubi, Achyuta kuwa wanda ba ya faɗuwa. Malamin Hindu Adi Shankara ya yi wa sunayen sharhi.

Mabiya sun yi imani cewa furta sunan kansa ibada ne. A wurin bautar Tirupati da ke kudancin Indiya, ana karanta wani jerin sunaye makamancin wannan da safe ana ajiye ganyen wani tsiro da ake kira tulsi, masu ziyara kuma suna hawa tudu suna kiran Govinda da ƙarfi.

Bahaushen da ya saba da Asma'ul Husna zai gane tasirin suna a zuciyar mai ibada, sai dai aƙidun biyu hannun riga ne. Hatta carbin ya bambanta: na Hindu ƙwaya 108 gare shi.