Hanyar Da Kowa Zai Iya Bi

Yau kowa ya ɗauko littafinsa da alƙalami, don darasinmu yana da ɗan lissafi a ciki. Za mu yi magana a kan hanya. Ba babbar hanyar mota ba, a'a, ƴar hanyar nan da ke tashi daga bakin titi ta kai mutum cikin ɗaki.

Ga abin da ya sa na zaɓi wannan magana. A wani ajin yaƙi da jahilci da na taɓa riƙewa, akwai wani magidanci gurgu mai zuwa a kan kekensa. Ƙofar ajin tana da matakala 3. Kullum sai ya bar keken a waje, ya hau da rarrafe, rigarsa duk ƙura, ƴan aji suna kallo. Ya fi kowa saurin gane baƙaƙe. Amma wata bai cika ba ya daina zuwa. Da na bi sawu, sai ya ce mini: "Malam, karatun bai gagare ni ba, ƙofar ce ta gagare ni." Na ji kunya ƙwarai, don sau nawa na hau matakalar nan ban taɓa ganin ta ba.

Irinsa ba kaɗan ba ne. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna kimanin mutum 4 cikin 100 a Nijar suna da wata naƙasa. Ku ƙara da tsofaffi, da mata masu ciki, da wanda ya karye jiya a kan babur. Ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare haƙƙin naƙasassu a shekarar 2008. A watan Disamba na 2019 kuma aka yi doka mai lamba 2019-62 a kan shigar da su cikin harkokin jama'a. Amma takarda ba ta kwaɓa siminti. Magini ne ke yi, da mai gida, da mai unguwa.

Mu duba garinmu Damagaram. A Birni, kewaye da fadar Sarki, lunguna matsattsu ne, suna lanƙwasa tsakanin manyan duwatsu. Kakanninmu sun san abin da suke yi. Sun ɗaga dokin ƙofa don kada ruwan damina ya shiga gida. Sun karkata ƙofar zaure don kada mai wucewa ya hango mata. Ba wanda ya ce a rushe wannan. Abin da ake so shi ne a yi wa dokin ƙofa ƴar gangara ciki da waje, ruwa ya tsaya, keke ya wuce.

To, ga lissafin. Ku rubuta. Masana gini sun ce gangara kada ta yi tsini. Duk tsayin santimetir 1, a ba shi tsawon santimetir 12 aƙalla. Matakala ɗaya mai tsayin santimetir 15, gangararta santimetir 180 ke nan, wato metir 1 da santimetir 80. Matakala 3 irin na ajina, tsayinsu 45. A ninka 45 sau 12, ya zama 540, wato metir 5 da santimetir 40. In akwai fili, a ninka sau 20 ya fi sauƙin hawa, ya zama metir 9. Na sha ganin gangarar da aka manna a gefen gini don a ce an yi. Ko jaki ba zai hau ta da daɗin rai ba. Irin wannan ta fi matakala haɗari, don tana kifar da keke ta baya.

Saman gangara a bar fili shimfiɗaɗɗe, metir 1 da rabi ta kowane gefe, inda mutum zai tsaya ya buɗe ƙofa, ya juya. Kekunan hannu masu ƙafa 3 da guragunmu suka fi hawa dogaye ne, sun fi son a ƙara musu fili. Faɗin ƙofa ya kai santimetir 90. A kafa ƙarfen dafawa a gefe. Siminti kuma kada a goge shi sumul, a bar shi da kaushi.

Amma ku lura, hanya kamar igiyar guga take. In ta tsinke wuri ɗaya, ba ruwa. Me amfanin gangara in tsakar gida rairayi ne da ke riƙe taya? A zuba jar ƙasa a daɓe. Me amfaninta in akwai buɗaɗɗen lambatu a bakin titi? A rufe shi. Salga ma a cikin hanya take. Yaro gurgu zai iya shiga aji ya kasa shiga bayan gida, sai ya bar lakkal. A faɗaɗa ƙofarta, ta riƙa buɗewa waje, a ɗaga wurin zama, a sa abin dafawa.

Makaho kuwa hanyarsa a sandarsa take. Yana bin gefen bango, ya haddace wurin kowane abu. Wanda ya ajiye teburin sayarwa ko babur a bakin hanya, kamar yadda ake yi a kasuwar Dole, ya ɓatar da shi. Takalman da muke watsarwa a ƙofar masallaci ma tuntuɓe ne gare shi. Wanda kuturta ta ci wa yatsu, irin dattawan da muka sani a unguwar Kara-Kara, ba ya iya murɗa mariƙin ƙofa mai dunƙule, ko kan famfo. A sa masa dogon mariƙi wanda ake dannawa da gwiwar hannu.

Kafin a zuba siminti, a kira masu abin. A tambayi sarkin guragu da sarkin makafi, ko ƙungiyar naƙasassu ta gari, su aiko wanda zai bi hanyar da kansa, tun daga titi har ɗaki.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya auna tsayin matakalar ajinsu ko ta masallacin unguwarsu. Wanda ba shi da metir ya ara wurin tela. Ku ninka sau 12, ku rubuta amsar, ku kai wa malaminku ya duba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.